Asabar a gindin dutse: inda sunan Schweinsteiger ya fito

Yau ba ni da aiki a gidan tsofaffi, gari kuma ya waye tas babu hazo, abin da ba a cika samu a Munich cikin watan Oktoba ba. Dattijon nan maƙwabcina, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ya daɗe yana damuna in raka shi hawan dutse, ni kuwa kullum da uzurin da zan kawo. Jiya da daddare ya samo lagona. Ya san ni da son ƙwallo, sai ya ce in na biyo shi zai nuna mini wurin da sunan Schweinsteiger, tsohon ɗan ƙwallon Jamus da Bayern, ya samo asali. Na ce masa in dai haka ne, ni zan ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Jirgin ƙasan da ke zuwa Kufstein muka shiga, garin farko da zarar an tsallaka iyakar Ostiriya. Cike yake da tsofaffi, kowa da sanduna bibbiyu da jaka a baya da takalmi mai kauri, ni kaɗai ne da takalmin gudu. Ko fita daga birni ba mu gama yi ba dattijo ya buɗe aji. Malami dai ba ya ritaya, sai dai a daina biyansa albashi.

Ya ce da can Bajamushe suna ɗaya gare shi. Sai wajen ƙarni na 12, da birane irin su Kolon suka fara cika, masu suna Hans da Heinrich suka yi yawa har mai karɓar haraji ya rasa wa ya biya wa bai biya ba, sannan aka fara ƙara wa mutum suna na biyu. Ƙauyuka sun biyo baya a hankali. Can arewa a yankin Friesland ma sai da dokar Napoleon ta 1811 ta matsa musu kafin su riƙe sunan dangi guda. Wasu an kira su da sunan uba, wasu da kamanninsu, dogo ko gajere ko mai baƙin gashi, amma waɗanda suka fi yawa a yau sunayen sana'a ne. Müller mai niƙa ne, kuma shi ne kan gaba, ana ƙiyasta masu shi sun kai wajen 700,000. Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi. Dalilin yawansu a fili yake: ba ƙauyen da ba shi da maniƙa, ba ƙauyen da ba shi da maƙera. Saboda haka Gerd Müller da Thomas Müller duk sun ci wa Bayern ƙwallaye, amma sunan bai sa sun zama 'yan'uwa ba.

Sunan da ba a cika ji ba kuwa, in ji shi, yawanci wuri ɗaya tak ya haife shi. Wani tudu, wata rijiya, wani gidan gona. Mai niƙa ana samunsa ko'ina, amma gona mai wani suna guda ɗaya ce a duniya, ko biyu in ta yi yawa. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai duk yinin.

Mun wuce Rosenheim. Ya nuna mini gefen da Kolbermoor take, garin da aka haifi Bastian Schweinsteiger a 1984, sannan jirgin ya karkata kudu ya bi kwarin kogin Inn, duwatsu suna ta matsowa. A Brannenburg muka sauka. Daga garin ne jirgin ƙasan nan mai haƙoran kama layi don hawan tudu yake hawa dutsen Wendelstein, mai tsayin mita 1,838, tun shekarar 1912 yake wannan aiki. Na yi ta fatan shi za mu shiga. Ina! Dattijo ya ce jirgi na masu yawon buɗe ido ne, mu da ƙafa.

Hawan bai yi tsanani ba a wurinsa, ni kam na yi haki. Hanya ta ratsa ta cikin daji, ganye ya zube ja da rawaya, ƙasa da danshi, can nesa kana jin ƙararrawar wuyan shanu. Duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya ce "Grüß Gott", gaisuwar mutanen yankin, ko ya san ka ko bai san ka ba, abin da ba ka samu a cikin Munich. A wata mararraba dattijo ya tsaya ya ɗaga sanda ya nuna wani ɗan allo rawaya mai kan kibiya, irin wanda ake kafa wa masu tafiyar ƙasa. A jiki an rubuta Schweinsteig.

Da muka isa na tsaya ina waige-waige, ina neman garin. Babu gari. Gidan gona ne a kan gangare, rabinsa na ƙasa farin bango, na sama katako da rana ta ƙona ya yi duhu, furanni a baranda, itacen hura wuta an jera shi a jikin bango har ƙarƙashin rufi, ba guda ɗaya da ya leƙo ya fi ɗan'uwansa. Tebura a waje, ana sayar wa masu hawan dutse abinci. A ƙasa kwarin Inn a shimfiɗe. Shi ke nan. Sunan da ake ihunsa a gidajen kallo daga Fagge har Damagaram, ga irin wurin da ya fito.

Yadda abin yake, a kudancin Jamus da Ostiriya in mutum ya fito daga wani wuri ko yana zaune a wurin, sai a liƙa "er" a ƙarshen sunan wurin. Mai zama kusa da rami Gruber, na bakin fadama Moser. Mutumin Schweinsteig kuma Schweinsteiger. Masana sunaye a nan suka tsaya: sunan wuri ne na yankin Rosenheim ya zama sunan mutane.

Ma'anar wurin ce muka yi 'yar gardama a kai. Rabin farko ba musu, Schwein alade ne. Rabi na biyu dattijo ya so ya ce Steig ne, wato siririyar hanya mai hawa tudu, turbar da aladun daji ke bi. Ya fi son wannan don ta fi daɗin ji. Amma da kansa ya yarda masana sun fi karkata ga wata tsohuwar kalma ta Jamusancin ƙarnonin tsakiya, stîge, wadda ke nufin shinge ko ɗakin da ake kulle ƙananan dabbobi. Matar da ta kawo mana abinci ta tsinci maganar, ta ce ai har gobe tsofaffi a yankin da wannan kalmar suke kiran akurkin kaji. Ta raba mana gardama ta wuce da tire. To in haka ne, sunan jarumin da ya yi wasan ƙarshe na cin kofin duniya a 2014 jini na zuba a ƙarƙashin idonsa, fassararsa ita ce mutumin gidan da ke da ɗakin aladu.

Na yi dariya har na ƙware. Sai kuma na tuna a inda nake zaune, na sake kiran matar na jaddada mata cewa taliyar cukun da na ce a kawo mini kada a barbaɗa mata naman nan, don a nan jihar Bavariya ko miyar ganye ce sai ka tambaya. Ta ce ta gane tun farko. Ruwan tuffa mai gas na sha, dattijo ya sha abin da ya saba.

Abin da na lura, shi ko a jikinsa. A kunnena sunan ya yi nauyi, a nasa kuwa adireshi ne kawai. Ya ce a zamanin da aka raɗa sunan, alade dukiya ne. Da kaka ake kora su cikin daji su ci 'ya'yan itatuwa su yi ƙiba, da namansu gida ke fita hunturu. Gonar da aka san ta da ɗakin aladu ba ta matsiyaci ba ce. Har yau in Bajamushe ya tsallake rijiya da baya cewa yake ya samu alade, ma'ana ya yi sa'a, kuma da sabuwar shekara alawa mai siffar ɗan alade suke ba juna. Namijin aladen daji, Eber, alamar jarumta ce a wurin kakanninsu. Daga nan Eberhard ya fito, daga Eberhard aka gajarta Ebert, sunan shugaban ƙasarsu na farko a 1919. Garin Ebersberg da ke gabas da Munich ma hoton dabbar ne a tambarinsa. Ban ce sun burge ni ba, amma na fahimci dalilin da ya sa magoya baya ke kiran mutumin Schweini cikin ƙauna.

Kan yawan masu sunan, ya ciro waya ya nuna mini irin taswirar nan da ake haɗawa daga littafin lambobin tarho, a diga wa kowane yanki launi gwargwadon masu suna. Ta Müller ƙasar gaba ɗaya ta rine. Ta Schweinsteiger kusan fara ce fat, sai duhu a kusurwar kudu maso gabas wajen Rosenheim, da ɗigo-ɗigo a Munich da wasu birane inda neman abinci ya kai mutane. Ƙarnoni sun shuɗe, amma yawancinsu ba su yi nisa da gindin dutsen ba.

Ashe ma ƙarancin ba abin mamaki ba ne a ƙasar nan. Akwai wani aikin ƙamus na sunayen dangi da ake yi a Mainz tun 2012, wanda ya dogara da lambobin tarho na 2005. Sun ce sunayen dangi daban-daban a Jamus sun kai wajen 850,000, amma waɗanda ke da aƙalla layin tarho goma, su ne za su shiga ƙamus ɗin, kusan 200,000 ne kacal. Ka ga ke nan mafi yawan sunayen ƙasar na 'yan tsiraru ne. Na tuna allunan ƙararrawar ƙofa na benenmu. A nan ba a cika sa wa ɗaki lamba ba, sunanka ne a jikin ƙararrawa da akwatin wasiƙa, in babu shi wasiƙarka ta koma. Kullum ina wuce sunayen nan ban taɓa tunanin kowanne da tudun da ya gangaro daga kai ba.

Na gaya wa dattijo cewa mu ma muna da wannan. Shagari gari ne, Tafawa Balewa gari ne, Yakasai unguwa ce a cikin birnin Kano. Yaro ya shiga makarantar boko, aka tarar da Shehu uku a aji, sai a bambanta su da garuruwansu. Ya ji daɗin wannan sosai har ya rubuta a ɗan littafinsa. Bambancin shi ne namu yana motsi, ɗa na iya ajiye sunan gari ya ɗauki na ubansa, jika ya ɗauki wani. Nasu hukuma ta daskarar da shi. A Bavariya tun 1677 aka hana mutum sauya suna yadda ya ga dama, daga 1876 rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta koma hannun gwamnati a duk faɗin ƙasar, kuma dokar da ake aiki da ita kan sauya suna, ta 1938, sai ka kawo ƙwaƙƙwaran dalili. A ganina wannan daskarewar ce ta sa ba sa jin ma'anar sunayensu. Wanda ake kira Schneider bai taɓa riƙe allura ba, ba ya kuma jin tela in an kira shi. Sai baƙo irina, da ya koyi harshen da girmansa, shi ke jin alade da akurki a cikin sunan mutum.

Ni ma ai daskarewar ta kama ni. Ranar da na fara cike takardu aka ce sunan dangi, na rubuta sunan Baba don shi ne a fasfo. Yanzu shi ne a ƙofata, shi ne a ƙirjin rigar aikina. Tsohuwa 'yar shekara casa'in za ta danna ƙararrawa ta ƙwala wa sunan mahaifina kira gatsal don a gyara mata matashi, sunan da a gida ko Inna ba ta faɗa. Har yau in na ji sai gabana ya ɗan faɗi. In Allah ya ba ni 'ya'ya a ƙasar nan, da shi za a rubuta su, su da 'ya'yansu.

Da muka sauko na yi azahar da la'asar a gefen wata makiyaya, dattijo ya juya baya yana kallon duwatsun Kaiser har na idar. Muka ƙara gaba kaɗan a jirgi zuwa Oberaudorf, inda Bastian ya tashi. Ƙaramin gari ne, gangaren da ake zamiyar ƙanƙara yana leƙo shi ta baya. A nan ya fara ƙwallo, kuma gwanin zamiya ne yana yaro, sai da ya zaɓi ɗaya kafin ya shiga makarantar matasan Bayern a 1998. Ba mu daɗe ba, sanyi ya fara sauka, ƙafafuna kuma sun ce ba da su ba.

Da daddare na kira ƙanena na gida. Ɗan Manchester United ne na gani kashe ni, yana da jar riga mai lamba 31 tun 2015 da koci Van Gaal ya kawo mutumin, har yau kuma bai huce da yadda aka jingine shi a benci a shekarar da ta biyo ba. Sunan bai taɓa fita daidai a bakinsa ba, Shuwaini yake cewa. Na tura masa hoton allon, na karanta masa ma'anar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haba Yaya, don Allah da gaske kake?" Na ce wallahi. Ya ce to shi yanzu ya zai yi da rigar, ya sha zuwa masallaci da ita a ƙarƙashin jallabiya. Na ce rubutu ne ba nama ba, amma ya tambayi limaminsu. Ya ce a'a, liman ɗan Chelsea ne, tun fenaretin da mutumin ya buga wa ƙarfe a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai da Chelsea ta doke Bayern a 2012 yake tsokanarsa, ba zai ƙara masa makami ba. Ya roƙe ni kada in sa hoton a zauren WhatsApp na 'yan gidan kallonsu. Na riga na sa kafin in kira shi.