Bin Sawun Kuɗin Gida a Wasan Kwaikwayon Amurka

Darasin da ya fi zauna mini daga karatun wasannin kwaikwayon Amurka na bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ne in riƙa bin sawun kuɗin gida. Wa ke lissafi, wa ke kashewa, kuma burin wa ake fara yankewa idan abin hannu ya yi ƙasa? A nan ne matsayin mace da namiji yake fitowa fili, fiye da a dogayen jawaban da jarumai ke yi.

Lokacin yaƙi, miliyoyin matan Amurka sun shiga masana'antun jiragen sama da na ruwa da na makamai, saboda maza suna fagen daga. Da aka gama yaƙi a 1945 sojoji suka dawo, dokar GI Bill ta 1944 ta ba su kuɗin karatu da rancen gida, aka sallami mata da yawa daga aiki, tallace-tallace suka shiga yabon matar da ke zaune a gida da firji da injin wanki. Mutuncin namiji kuwa aka rataye shi a kan abin da yake kawowa.

Arthur Miller ya nuna abin da wannan ke yi wa gida a Death of a Salesman, 1949. Willy Loman ɗan talla ne da ya haura sittin, kasuwa ta juya masa baya, har yana karɓar dala 50 duk mako daga maƙwabcinsa Charley ya kawo gida a matsayin albashi. Kowa a ajinmu Willy yake tausaya wa, kuma ya cancanci tausayi. Amma Linda, matarsa, ita ce ta san komai. Ita ke ƙirga bashin firji da gyaran rufi, ta san kuɗin nan rance ne, ta yi shiru don kada ta tona masa asiri. Tana zaune tana ɗinke tsohuwar safarta, alhali sabbin safa Willy ya ba wata mata a Boston. Wannan wurin har yau yana taɓa ni. Ranar jana'izarsa, ita ce ta biya kason ƙarshe na bashin gidan, ba kuma mai zama a cikinsa.

Shekara goma bayan haka Lorraine Hansberry ta kawo A Raisin in the Sun, 1959, wasan farko da baƙar mace ta rubuta aka nuna a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York. Iyalin Younger suna cunkushe a ƙaramin gida a kudancin Chicago, suna jiran dala 10,000 na inshorar mahaifinsu da ya rasu. A nan kuɗin a hannun uwa suke, Lena. Ɗanta Walter direba ne, yana ganin ba zai cika namiji ba sai ya buɗe shagon giya. Ƙanwarsa Beneatha likita take son zama, shi kuwa ya ce ta yi aikin jinya kamar sauran mata, ko ta yi aure ta huta. Akwai ma ɗalibi ɗan Najeriya, Joseph Asagai, da ke neman ta biyo shi gida ta yi aikin likita a Afirka. Na ji daɗin ganin yadda Hansberry ta ba shi hankali da nutsuwa.

Lena ta sa dala 3,500 kafin alƙalami na gida a unguwar fararen fata, ta miƙa wa Walter sauran 6,500, da sharaɗin ya ajiye 3,000 don karatun Beneatha. Bai ajiye ko sisi ba, abokin hulɗarsa ya gudu da duka. Na ga dalilin Lena: ta ga ɗanta yana karyewa a gabanta, ta so ta ɗaga shi. Amma da makomar 'yarta aka biya.

A ƙarshe Walter ya ƙi karɓar kuɗin da ƙungiyar fararen unguwar ta aiko don kada su tare, uwarsa ta yi alfahari da shi, masu kallo su ma haka. Iyalin suka kwashe kaya zuwa sabon gida, kuɗin makarantar Beneatha kuwa babu wanda ya faɗi inda za su fito.