Mako na bakwai: babban yatsa ya fara jin magana

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon jita. Yau mako bakwai ke nan da na ajiye komai na rungumi salon kiɗan Maybelle Carter, tsohuwar makaɗiyar jita ta Amurka, kuma daren Talatar nan na kai ƙarshen waƙar "Wildwood Flower" ba tare da na tsaya ko sau ɗaya ba. Tafiyar hawainiya na yi, amma na isa.

Ga wanda bai fara ba, ga yadda abin yake. Babban yatsa ne ke fitar da amon waƙar a kan tsirkiyoyi masu kauri, ɗan'ali kuma yana sharar siraran a tsakanin bugu da bugu. Mutum ɗaya ke kiɗa, kunne na jin kamar biyu ne. Inda na yi makonni ina tuntuɓe shi ne, da zarar ɗan'ali ya motsa sai babban yatsa ya tsaya yana jiransa. Abin da ya fisshe ni: na hana ɗan'ali aiki har kwana huɗu, na kama haɗin sautin da ake kira C da hannun hagu, na bar babban yatsa shi kaɗai yana bin waƙar, ƙafata na buga ƙasa. Rana ta biyar na dawo da sharar, a wuraren da amon ke hutawa kawai. Hunturu ma ya sa mini hannu. Kantar da ta fito a kan yatsuna ta tsage, sai da na riƙa shafa man kaɗanya kafin barci, jitar kuma kullum da safe sai an sake ɗaure ta don bushewar iska.

Wani da muke koyo tare ya tambaye ni mece ce ma'anar roots da alt-country da nake yawan ambata. Da farko na rasa amsa, yanzu ina da 'yar kaɗan, kuma a yatsa na same ta.

Roots dai tushe ake nufi, wato kiɗan da talakawan kudancin ƙasar Amurka ke yi a gida da coci kafin kamfanoni su gyara masa fuska. A 1927 Ralph Peer na kamfanin Victor ya kafa na'urar ɗaukar sauti a Bristol, garin da iyakar Tenesi da Bajiniya ta raba biyu. Nan ya ɗauki waƙoƙin mawaƙi Jimmie Rodgers da na iyalin Carter: A.P., matarsa Sara, da Maybelle, wadda a lokacin shekarunta 18, ga ta da juna biyu. Akwai sunan da ba a cika ambata ba, kuma abin yana damuna: Lesley Riddle, baƙar fata makaɗin jita, wanda ya riƙa yawo tare da A.P. cikin ƙauyukan duwatsu suna tattaro waƙoƙi. A.P. na rubuta baitoci, Riddle na haddace karin, Maybelle kuma ta koyi abubuwa a hannunsa. Ko banjo ɗin da ake ɗauka na Turawan karkara ne, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata. Wanda ya taɓa riƙe gurmi zai gane dangantakar.

Daga ƙarshen shekarun 1950 Nashbil, birnin da ke cibiyar kiɗan karkarar Amurka da ake kira country, ta sauya hanya. Masu shirya faifai Chet Atkins da Owen Bradley suka rage kaushin kiɗan, suka zuba taron goge mai laushi da 'yan amshi don a samu kasuwa. An samu kuwa. Alt-country martani ne ga wannan sulɓin da abin da ya biyo bayansa. A 1990 wasu samari daga Belleville ta jihar Ilinoi, masu suna Uncle Tupelo, waɗanda suka taso da hayaniyar kiɗan punk, suka fitar da faifan "No Depression". Sunan daga waƙar iyalin Carter ta 1936 suka ɗauko shi, suka kuma sake rera ta a ciki. Da suka watse a 1994, biyu daga cikinsu suka kafa sababbin ƙungiyoyi: Jay Farrar ya kafa Son Volt, Jeff Tweedy ya kafa Wilco, a 1995 kuma aka fara buga mujalla mai suna "No Depression".

Na jera waƙar 1936 da ta 1990 na saurara sau da yawa a wannan makon. Shekara 54 ne tsakaninsu, amma a duka biyun ana jin muryar mutum yadda Allah ya yi ta, ba a goge ta ba. Shi ya sa na daina fushi da 'yar ƙarar da yatsuna ke yi idan sun goga tsirkiya. A da sai in tsaya in sake daga farko, yanzu wucewa nake yi muddin bugun bai karye ba.

Abin da ya rage mini shi ne sauri, da kuma dukan tsirkiya da yatsan hagu, wanda Maybelle ke yi kamar wasa, ni kuwa nawa fitowa yake a shaƙe. Mako mai zuwa minti goma sha biyar kullum bayan isha'i na ware masa, a kan tsirkiya ta huɗu kaɗai. Wanda ya riga ni tsallake wannan gaɓar, don Allah ya faɗa mini inda yake ɗora yatsan.