Kwana 43 a gindin gadon Baba

Baba bai taɓa kwana asibiti ba sai da ya haura shekara 65. Ɗan kasuwar albasa ne, tsakanin Galmi da Tawa ƙarfinsa ya ƙare, irin mutanen nan da ko zazzaɓi ya kayar da su sai su ce gajiya ce. Shekara biyu kafin shanyewar ɓarin jiki ta same shi an auna shi, aka ce yana da hawan jini, tansiyo dai kamar yadda muke cewa. Ya sha ƙwayoyin wata uku, ya ji garau, ya ajiye su bisa kanta. Mu da muka yi boko a gidan ba wanda ya matsa masa, ni ne kuma babba.

Cikin goman farko na azumin 2022, bayan sahur, ya miƙa hannu zai ɗauki buta, butar ta suɓuce. Inna ta ga bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, yana magana ba a gane abin da yake faɗi. Kafin hantsi gida ya cika. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a yi hayaƙi, aka aika a karɓo tofi. Ni ma na tsaya cikin masu kallo, don manya na magana. Sai bayan la'asar muka kai shi asibiti, awon tansiyo ya nuna 22/12, ya hau sosai. Washegari aka rubuta mana takardar zuwa Yamai, muka haɗa kuɗin man ambilans. Kilomita wajen 550 ne, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ina zaune a ƙasan mota na riƙe ledar ƙarin ruwa kada ta yi ta lilo.

A Yamai aka yi masa sikana, wato hoton ƙwaƙwalwa. Likitan ya bayyana mini cewa shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe. Da ido ba a bambanta su, shi ya sa bai kamata a ɗirka wa mutum aspirin a gida ba, don in fashewa ce zubar jinin zai ƙaru. Ta Baba toshewa ce a ɓangaren hagu, ga shi kuwa hagun ƙwaƙwalwa ke juya damar jiki, a nan kuma maganar yawancin mutane take. Ya ce maganin narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi na farko yake amfani. Ban ce komai ba. Ko da tun asuba muka tashi, hanyar kaɗai ta cinye awoyin nan. Amma yinin da muka ɓata a tsakar gida yana nan maƙale a raina.

Na shiga jinya da tunanin aikina bai wuce zama kusa, amsa "ya mai jiki" da biyan kuɗi ba. Kwana biyu suka ishe ni gane kurena. Ma'aikatan jinya ba su da yawa, marasa lafiya sun cika ɗakuna. Su ke allura, su ke sa ruwa, su ke awo. Sauran duka, wanka, juyi, canjin shimfiɗa, zubar da fitsari, ba da abinci, gudun farmasi, na ɗan jinya ne. Da safe likitoci su zagayo suna faransanci a tsakaninsu, su bar maka odonansi, takardar sayen magani. Safar hannu, auduga, sirinji, ledar ruwa, duk kai za ka sayo. Kyautar maganin da ake yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 da matan da aka yi wa tiyatar haihuwa ba ta kai kan dattijo ba.

Wadda ta koya mini aikin ba likita ba ce. Wata Hajiya ce Bazabarma daga wajen Doso, mijinta na gadon da ke kallon namu, ta riga mu zuwa da wata biyu. Hausarta a karye take amma ta isa. Ranar da ta gan ni ina lalube cikin aljihu ina neman wata takarda, ta ce, "Ɗana, sayi kaye." Na sayo littafin ƴan makaranta mai shafi 100. A ciki nake rubuta sunan kowane magani da lokacinsa, awon tansiyo na safe da na marece, abin da likita ya ce, tambayar da zan yi gobe, da ko dala nawa ta fita. Ita ce ta ce in riƙa tambayar jenerik kafin in biya, sinadarin ɗaya ne, kuɗin ba ɗaya ba. Ita ce kuma ta nuna mini in riƙa sanin farmasin da ke gadi tun da rana, kada ƙarfe biyun dare ta same ni bisa kabu-kabu ina zagayen gari.

Juyin ne ya fi wuya. Wanda ba ya motsi, in ya daɗe a gefe ɗaya, ƙashi na danne fata da katifa, jini ya daina zagayawa a wurin, sai gyambo. Ƙasan baya, ƙugu da dunduniya su ne wuraren. Duk awa biyu ake juya shi, dare da rana. A baƙar fata ba ja za ka gani ba kamar yadda ake faɗi, wurin zai ƙara duhu ne, ya yi sheƙi, in ka taɓa ka ji zafinsa ya bambanta. A kwana na 12 na ga irin wannan a dunduniyarsa ta dama, kamar faɗin dala biyar. Daga ranar na sa ƙararrawa a waya. Matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta yi sama, zanen gado a miƙe ba tattara, jiki a bushe. A bushe fa, cikin Afrilun Yamai da zafi ke wuce 40, fanka na kaɗo iska kamar daga bakin tanda. Mahuci bai bar hannuna ba.

Sai wanka. Ni ɗan fari ne, tsakanina da Baba akwai kunyar da duk Bahaushe ya sani, ko sunana ba ya kira. Ranar farko da zan canja masa, na tsaya da roba da soso ban san ta inda zan fara ba. Ya juya fuska bango, ya rufe ido, hawaye na bin gefen kunnensa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wanda ya yi karin maganar ban ce ubansa ya wanke ba. Dabarar da na samu daga baya ita ce in lulluɓe shi da zane, in buɗe wurin da nake wankewa kawai, bakina kuma kada ya yi shiru. Nakan ba shi labarin farashin buhun albasa, motocin da suka yi lodi zuwa Abijan, wanda ya ci riba da wanda kaya suka ruɓe masa. Rabin labarin ƙagawa nake yi. Wata rana na faɗi wani farashi, ya girgiza kai da ƙarfi alamar ƙarya nake. Ranar na yi dariyar farko tun zuwanmu.

Abin da ya kusa kashe shi bayan ciwon kansa, ƙauna ce ta kawo shi. Shanyewar ta taɓa masa haɗiya, aka sa masa roba ta hanci zuwa ciki, ta nan muke ɗura kunu mai ruwa da sirinji, an ɗaga kansa. An gargaɗe ni: ko ruwa kada ya bi ta baki. Na ji, amma ban faɗa wa kowa dalili ba. Ranar nan Gwaggo, yayar Baba, ta iso daga ƙauye da gorar rubutu da ƙullin fura. Ina farmasi. Ƙanena ne a wurin, yaro ɗan shekara 20, ina zai iya cewa Gwaggo a'a? Ta ce, "Mutum kwana goma sha bai jiƙa maƙogwaro ba, ku kuna zaune?" Ta ɗaga kansa ta ba shi. Ya sarƙe, ya yi ta tari. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashi na fita da ƙara. Abin ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu. Kwana goma aka ƙara ana yi masa allura, kuɗin da muka ware na wata guda ya tafi a nan.

Na yi fushi da Gwaggo, daga baya na ga ba ta da laifin da ya kai nawa. Ta ga ƙanenta da busasshen leɓe, ta yi abin da ta sani. Da na zaunar da ita na kwatanta mata hanya biyun da ke maƙogwaro, ta yi ta salati. Muka daidaita a kan rubutu a shafa masa a fuska da ƙirji, leɓe kuma a jiƙa da auduga. Ba wanda ya ji an raina abinsa. Na kuma kira Kawu, wanda ke zaune a unguwar Bukoki nan Yamai, na roƙe shi ya zama bakinmu. Maganar da in ni na faɗa za a ce yaro ya yi rashin kunya, in ta fito daga bakinsa sai a ce gaskiya ne, Alhaji. Shi ya kafa dokar masu dubiya su shiga bibbiyu, su yi addu'a su fito, hira a gindin bedi.

Hirar ma akwai abin da ke cikinta. Saboda Baba ba ya magana, mutane suka ɗauka ba ya ji. Wani ya tsaya a kansa yana cewa ai irin wannan ne ya ɗauke wane bara, ko sati bai yi ba. Na ga hannun hagun Baba ya damƙe zanen gado. Rashin iya fitar da kalma daban, rashin fahimta daban. Abin mamaki, mutumin da ya kasa cewa "ruwa", in na fara Fatiha a kunnensa sai leɓensa ya bi, har wasu ayoyin su fito sarai. Likita ya ce hakan na faruwa, abin da baki ya haddace tun yarinta yakan tsira ko da sauran magana ta tafi. Daga nan kowace magariba muka mayar da ita darasi.

Kuɗi kuwa, ƴan'uwanmu da ke bida a Abijan da Libiya sun yi ƙoƙari, ta kamfanonin aika kuɗi na Nita da Amana saƙo ke shigowa. Sai dai na lura wanda ya fi nisa ya fi yawan umarni. Muryoyi a WhatsApp ba iyaka: a canja asibiti, a nemi wani likita, me zai hana a kai shi Tunisiya. Ba mugunta ba ce, rashin abin yi ne ke cin su. Duk Juma'a sai in ɗauki hoton shafukan kayen in tura wa kowa, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin ƙanƙara. Wannan ya toshe ƙofar zargi tun ba a buɗe ta ba. Na ga gidan da jinya ta raba a ɗakin nan, majinyaci na kwance ƴaƴansa na cacar baki a baranda kan jika ashirin.

Wajen kwana na 19 ni ma na faɗi. Azumi, zafi, barcin awa biyu-biyu bisa tabarma, sai na ga baranda na juyawa. Na farka majo, shugabar ma'aikatan jinya, na tsaye a kaina. Ta ce, "Mushe, gado ɗaya muka ba ku, ba mu da na biyu." Har lokacin gani nake in na matsa ko na awa ɗaya na ci amanar Baba, kuma ba wanda zai juya shi daidai sai ni. Girman kai ne sanye da rigar biyayya. Muka raba aiki: ni dare, ƙanena rana, matar Kawu abinci, Inna ta riƙa zuwa bayan la'asar ta zauna kusa da kansa. Na koya wa ƙanena juyi, ya ma fi ni taushin hannu. Sallah ta same mu a nan. Hajiya ta raba wa ɗakin duka shinkafa da miya. Bayan kwana shida mijinta ya rasu da asuba, ta naɗe tabarmarta, ta bar mini matasanta biyu.

Da huhun ya lafa sai mai kine, mai motsa gaɓoɓin majinyata, ya fara zuwa. Ya nuna mana yadda ake lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta kullum don kada ta sandare, ya kuma hana mu jan Baba ta shanyayyen hannu in za mu tayar da shi, don kafaɗar na iya gocewa. Aka gwada haɗiya da kunu mai kauri, cokali ɗaya, ana kallon maƙogwaro. Ya wuce. A kwana na 36 aka cire robar hanci, a na 43 aka sallame mu da dunduniyar da ta warke da odonansin da ba ranar daina shi.

Yanzu yana Tawa, yana takawa da sanda zuwa masallacin ƙofar gida. Maganar ta dawo rabi. Na'urar awon tansiyo na rataye inda butar nan take, Inna ce ke tsare da ƙwayoyin, ni ma na auna kaina aka ce in rage gishiri. Hannun dama dai bai dawo ba. Wata biyu ya yi yana ƙin cin abinci gaban mutane, sai an fita an bar masa kwano, don kada a gan shi yana ci da hagu. Limamin unguwa, abokinsa tun na allo, ya zo ya ce masa lalura ce, ba komai a kansa. Bai saurara ba. Rannan liman ya sake zuwa daidai lokacin tuwo, ya wanke hannu, ya zauna, ya jawo kwanon tsakiyarsu ya ce shi fa da yunwa ya zo, kuma ba zai ci shi kaɗai ba. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa hannun hagu ya gutsuro.