Ƙaramar kwamfutar da na ɗaura wa kekena

Da na fara hawan keke da sassafe daga Sakkwato zuwa Wamakko, wayata nake ɗaurewa a kan keken domin ta auna mini nisa, har zafin watan Afrilu, wanda yakan haura digiri 40, ya sa ta riƙa ɗaukar zafi tana dusashewa idan na makara a hanyar dawowa. Dalilin da ya sa na sayi kwamfutar keke mai GPS ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta buƙatar layin waya ko data kafin ta gane inda nake, domin kai tsaye take karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, kuma sai ta kama aƙalla huɗu sannan lissafinta ya daidaita. Saboda haka ko a ƙauyen da babu sabis tana nuna gudu da nisa.

Haɗin da take buƙata na kusa ne. Ta Bluetooth ko ANT+ (wata hanyar haɗa na'urorin motsa jiki ba tare da igiya ba) take magana da ɗamarar da nake sawa a ƙirji mai ƙirga bugun zuciya, da 'yar na'urar da ke ƙirga juyawar feda. Intanet kuwa sai na dawo gida, lokacin tura tafiyar zuwa Strava, manhajar adana bayanan motsa jiki, ta waya.

A ganina, mai saye a nan ya fara duba ƙarfin batir, sannan ya zaɓi mai maɓallai, domin allon taɓawa yakan yi gardama idan yatsa ya jiƙe da gumi ko ƙurar hunturu ta rufe gilashin.