Ɗigon jini a kan farin tayil

Ni ɗan Maiurno ne, kusa da Sinnar a Sudan, kuma a Shambat, kusa da Khartoum, na karanci likitancin dabbobi. Da na gama, abin da ake jira a gidanmu shi ne in buɗe shagon maganin dabbobi, ko in samu aiki wajen duba tumakin da ake lodawa daga Sawakin zuwa Jidda. Daminar 2007 ce ta sauya mini hanya. An yi ruwa mai yawa, sauro ya cika gari, tumaki suka riƙa ɓari garke-garke. Kafin a ankara, zazzaɓin Rift Valley ya shiga mutane a Farin Nilu da Jazira da Sinnar, sama da mutum 200 suka rasu. Dabbobi sun riga mutane nuna alamar cutar da makonni, a idonmu, mu da muka karanci abin. Tun daga nan na koma ɗakin gwaje-gwaje, daga baya na fara koyarwa.

Shekarar farko da na yi niyyar jawo ɗalibai zuwa binciken cututtuka, lacca na shirya musu. Na ba su labarin Peter Doherty, likitan dabbobi ɗan Ostireliya da ya samu kyautar Nobel a 1996 kan yadda garkuwar jiki ke gane ƙwayoyin jikin da cuta ta shiga. Na kawo maganin ivermectin, wanda da farko don tsutsar dabbobi aka yi shi, daga baya ya zama makamin yaƙi da makantar kogi, wadda cizon ƙudan bakin kogi ke jawowa, har aka katse yaɗuwarta a yankin Abu Hamad a nan ƙasarmu. Duk gaskiya ne. Suka saurara cikin ladabi, suka rubuta. Da na tashi, yaro ɗaya ya biyo ni ya ce, "Ustaz, nawa ake biyan mai bincike a wata?" Na faɗa masa. Ya yi godiya ya tafi, kuma a wannan shekara ko mutum ɗaya bai leƙo ɗakin gwajin ba. Ban ga laifinsa ba. Yaron da aka sayar da tinkiya aka biya masa kuɗin makaranta, dole ya yi wannan tambaya.

Shekara ta biyu na bar lacca. Na ce duk wanda zai je gida hutu ya ɗebo mini jinin awaki ko shanun gidansu, da izinin iyaye, musamman waɗanda suka taɓa ɓari. Na ba su allura da kwalabe da safar hannu, na nuna musu yadda ake barin jini ya kwanta a tsiyaye ruwan da ke sama, a sa shi cikin ƙanƙara. Su tara suka dawo da samfur.

Gwajin Rose Bengal muka yi, na cutar nan mai sa dabbobi ɓari da makiyaya ke kira bakkale, wadda a asibitocin Sudan ake ce wa maltiyya idan ta kama mutum. Aikin ba shi da wuya. Ɗigon ruwan jini ɗaya, ɗigon sinadari mai jaja-jaja ɗaya, a gauraya su a kan farin tayil, a riƙa jujjuya shi a hankali na minti 4. In dabbar ta taɓa haɗuwa da cutar, sai ka ga ruwan ya tsinke ya yi tsaki-tsaki. Wata ɗaliba, Bahaushiya 'yar Gadarif, tana riƙe da tayil ɗinta sai na ga hannunta ya tsaya. Biyu daga cikin awakin mahaifiyarta sun nuna. Ta yi shiru, can ta ce ƙanenta ya fi wata uku yana zazzaɓin dare da gumi da ciwon gaɓoɓi, an ba shi maganin maleriya sau uku. Shi ke tatsar awakin, kuma ɗanyar madara yake sha.

Na gaya mata wannan gwaji na tacewa ne, bai isa a yanke hukunci da shi ba, kuma ni ba likitan mutane ba ne. Muka rubuta takarda zuwa ga likita muna roƙon a gwada yaron. Aka gwada, aka same ta, ya sha magani na makonni shida. Ɗalibar kuma ba ta ƙara barin ɗakin gwajin ba. Ita ta fara tambayata me ya sa kala-azar, zazzaɓin nan mai kumbura saifa, ta fi yawa a ƙauyukan Gadarif masu baƙar ƙasa mai tsagewa da itatuwan aduwa, kuma ko karnukan gari na da hannu wajen riƙe cutar. Wanda ya kai ga yin irin wannan tambaya da kansa, ya riga ya shiga aikin.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne sai na je gidansu. Mahaifinta bai ga dalilin da 'yarsa za ta gama karatun likitancin dabbobi sannan ta zauna tana leƙen madubin likita ba. Na je bayan la'asar, aka kawo shayi, na ce, "Baba, ba dukiya na zo in yi muku alkawari ba. Albashin kaɗan ne, karatun kuma da sauran tafiya, digiri na biyu, wataƙila na uku." Ya ce, "To ɗana, me za ta samu?" Na nuna masa yaron, yana can tsakar gida yana ba awaki dusa. Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce a ba shi mako guda ya yi shawara da mahaifiyarta. Tun daga ranar, ba na ɗaukar ɗalibi aikin bincike sai na zauna da iyayensa, kuma maganar kuɗi nake farawa da ita.

Na kuma daina nuna musu ƙasashen waje kawai. Kafin yaƙi nakan tura su su ga ɗakunan binciken dabbobi na Soba, kusa da Khartoum, su ji labarin cibiyar binciken maisitoma, cutar da ke kumbura ƙafa tana cin nama da ƙashi, da Farfesa Ahmed Hassan Fahal ya kafa a 1991, wadda aikinta ya taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka daɗe ba a kula da su ba, a 2016. Ɗalibi yana bukatar ya ga mutum mai irin fatarsa da irin jallabiyarsa yana wannan aiki.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya watsa mu. Cikin taran nan, huɗu sun bi hanyar kasuwanci da asibitin dabbobi, kuma ina alfahari da su, uku sun tsallaka Saudiyya, biyu suka tsaya a bincike. Ni yanzu ina gabas, ina koyar da ɗalibai shida a wani ɗaki da aka ara mini. Sinadarin gwajin ba ya jure zafi, wutar kuma ba ta tsayawa, don haka kullum da asuba ɗaya daga cikinsu ke zuwa kasuwa ya sayo ƙanƙara kafin mu fara.