Abin da Muhawarar Asalin Tamilawa Ta Koya Mini

Lokacin da nake aji uku a sashen tarihi aka ba mu jinga a kan asalin Tamilawa, mutanen kudancin Indiya da arewacin Siri Lanka, ni kuwa na yanke hukunci tun kafin in buɗe littafi. A ganina su ne jikokin waɗanda suka gina biranen Harappa da Mohenjo-daro a kwarin kogin Indus, tsakanin shekara ta 2600 da ta 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga bisani suka yi ƙaura zuwa kudu. Babbar hujjata ita ce harshen Brahui, wanda ake yi a yankin Balucistan na Pakistan, alhali 'yan'uwansa na dangin Dirabidiya, wato Tamil da Telugu da Kannada da Malayalam, suna can kudu. Na ɗauke shi a matsayin ragowar mutanen da aka tafi aka bari.

Da takardar ta dawo, sai na tarar malaminmu ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wannan hujja, ya rubuta a gefe cewa in ana jin Hausa a Sudan, shin daga can Hausawa suka fito? Na ji kunya ƙwarai, domin na san hanyar aikin hajji da hijira ce ta kai su. Da na koma bincike, sai na gano cewa wasu masana harshe suna ganin masu Brahui ma baƙi ne da suka zo daga tsakiyar Indiya kimanin shekara 1000 da suka wuce, saboda yawancin kalmomin dangin harsunan Iran da suka ara na harshen Baluci ne, ba na tsoffin harsunan yankin ba. Ashe hujjar tawa tana iya nuna ƙaura zuwa arewa kamar yadda take iya nuna ƙaura zuwa kudu.

Rubutun da aka samu a biranen Indus ma bai cece ni ba. Masani Asko Parpola na ƙasar Finlan ya lura cewa kalmar "min" a harsunan Dirabidiya tana nufin kifi kuma tana nufin tauraro, don haka ya fassara alamar kifi da ke kan hatimai da sunayen taurari. Tunanin ya burge ni, amma har yau ba a warware rubutun ba, galibinsa bai wuce alamomi biyar a jere ba, kuma a watan Janairun 2025 babban ministan jihar Tamil Nadu, M.K. Stalin, ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya warware shi.

Inda na sami tudun dafawa shi ne Keezhadi, wani ƙauye kusa da birnin Madurai na jihar Tamil Nadu a bakin kogin Vaigai, inda aka fara haƙa a 2015. An tono gine-ginen jan bulo da rijiyoyi da fasassun tukwane masu ɗauke da sunayen mutane cikin tsohon rubutun Tamil da ake kira Tamil-Brahmi, kuma a 2019 hukumar binciken kayan tarihi ta jihar ta ce gwajin da aka yi wa gawayi ya kai ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Wasu sun hanzarta haɗa zane-zanen tukwanen da alamomin Indus, sai dai tazarar da ke tsakani ta haura shekara 1000.

Da na sake rubuta jingar, na ware babi ga harshe, na ware wani ga kayan da aka tono, na daina barin ɗaya ya yi wa ɗaya shaida. Kalmar "ƙaura" kuwa, wadda ta cika rubutun farko, sau biyu kawai ta fito, kowanne da sunan masanin da ya yi da'awar a gefenta.