Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Masu Komowa

Makon jiya na tsaya a shekarun da na yi ina aikin gandiroba. Kawu Malam, Allah ya jiƙansa, bai taɓa yarda da aikin nan ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: hali zanen dutse. Wanda ya shiga gidan yari sau biyu, a cewarsa, a ƙara masa shekaru kawai.

To ga yadda ake samun mai komowa. Yaro ya ƙwaci waya, an kawo shi jiran shari'a. Masu jiran shari'a su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya, kuma ba a kai su shagon kafinta ko na tela, tunda kotu ba ta kama su da laifi ba. Sai ya shekara biyu zaune a ɗaki ɗaya da ɗan fashi. A nan yake koyon inda ake sayar da kayan sata da yadda ake sake wa waya lamba. Wanda aka yanke wa hukunci kuwa, in ya kiyaye doka, ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, shi ya sa ya fi kowa natsuwa.

Ranar fita ce ta fi ci mini rai. Wanda ya gama wa'adinsa ya iya ɗinki, ba keke. Gida sun ƙi shi, unguwa na nuna shi da baki, mai sayar da tiramadol ne kaɗai ke yi masa maraba. Wata uku sai ka gan shi a bakin ƙofa da ankwa. Kawu zai ce, ai na faɗa, zanen dutse. Dutsen nan a gabanmu aka zana shi.

A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kawo hidimar al'umma da sakin talala ga masu ƙananan laifuka. Lokacin Kawu ya riga ya rasu. Har yau ina jin zafin rashin karanta masa ita.

Amma wanda ya kashe rai da gangan, ko ya lalata ƙaramar yarinya, ban taɓa roƙa masa sassauci ba. A nan ni da Kawu bakinmu ɗaya.

Mako mai zuwa zan koma kan rasuwar Inna, da na tsallake.